Tun Daga Cikin Uwa Ƙiba Ke Farawa: Abin Da Kimiyyar Gado Ta Gano Kan Kitsen Shanu Da Darasinsa Ga Zamfara

A Kucheri da ke ƙaramar hukumar Tsafe, da sauran garuruwan da ke bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Gusau ya nufi Bunguɗu, turke sa sana'a ce kuma asusu ne. Magidanci kan sayi ramammen bijimi, ya ɗaure shi a gida, ya yi ta ba shi harawa da dusa da ƙowa da angurya na tsawon wata uku ko huɗu, sannan ya kai shi kara lokacin da kasuwa ta yi kyau, musamman gab da Babbar Sallah. Masu wannan sana'a sun san wani abu da ke yawan faruwa: bijimai biyu sa'annin juna, a gida ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, amma ɗaya ya cika ya yi tozo, ɗayan kuwa ya cinye jarin ba tare da jikinsa ya nuna ba. Wasu kan ce rashin sa'a ne, wasu su ce jini ne.

Binciken kimiyya na shekaru talatin da suka wuce ya ba masu cewa jini ne rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne cewa yawan kitsen da sa zai iya tarawa yana da alaƙa da abin da uwarsa ta ci lokacin da take ɗauke da cikinsa, da abin da shi kansa ya samu a watanninsa na farko. Wannan bayani ya shafi aljihun mai turke, ya kuma shafi yadda gwamnati take kashe kuɗin da ta ce ta ware wa kiwo.

Ƙwayar halitta da ƙwayar gado

Jikin dabba an gina shi ne da ƙananan tubala da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Akwai na tsoka, akwai na ƙashi, akwai na jini, akwai na kitse. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado. A jikin saniya zaren ya kasu gida 60, rabi daga uwa, rabi daga uba. A shekarar 2009 masana suka wallafa cikakken karatun DNA na saniya a mujallar Science, bayan sun yi aiki a kan wata saniya jinsin Hereford a Amurka, inda suka ƙiyasta cewa shanu na da ƙwayoyin gado kimanin 22,000.

Abin mamaki shi ne, ƙwayar tsoka da ƙwayar kitse na dabba ɗaya suna ɗauke da umarni iri ɗaya sak. Bambancinsu yana cikin wane umarni aka kunna, wane kuma aka kashe. Kamar gida ne mai ɗakuna da yawa wanda aka ja wa waya ko'ina, amma ɗakin da aka danna makunninsa kaɗai ke da haske. Nazarin waɗannan makunnai shi ne abin da masana ke nufi da sarrafa ƙwayoyin gado.

Yadda ƙwayar kitse take samuwa

A jikin ɗan tayi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba, ana ce musu ƙwayoyin tushe. Daga rukuni ɗaya na waɗannan ne tsoka da kitse da jijiyar nama suke fitowa. Kowace ƙwayar tushe tana bakin mararraba, kuma saƙonnin da suka iso mata ne ke zaɓa mata hanya.

Aikin yana tafiya mataki biyu. A na farko, ƙwayar tushe tana ɗaukar hanyar zama kitse ko da yake ba ta fara tara maiƙo ba tukuna. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke jagorantar wannan mataki ita ce ZFP423, wadda aka bayyana aikinta a 2010. A mataki na biyu ake kunna babban makunni mai suna PPAR-gamma. A 1994 ne ƙungiyar Bruce Spiegelman a birnin Boston ta nuna cewa idan aka kunna wannan makunni a ƙwayar da ba ta kitse ba, sai ta rikiɗe ta fara tara maiƙo. PPAR-gamma yana aiki tare da wani mai suna C/EBP-alfa, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa, su biyun kuma su tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu aikin ɗauko maiƙo daga jini, da ƙera shi, da adana shi. Wannan makunni ɗaya ne a jikin mutum da na saniya, shi ya sa wasu magungunan ciwon sukari irin su pioglitazone, waɗanda ke taɓa shi, kan sa majiyyaci ya ƙara nauyi.

Kamar yadda ake da masu kunnawa, akwai masu hanawa. Wani jerin saƙonni da ake kira Wnt yana danne PPAR-gamma, yana karkata ƙwayar tushe zuwa tsoka ko ƙashi. Akwai kuma ƙwayar gado mai suna myostatin, wadda ke taka wa girman tsoka birki. A 1997 aka gano cewa ta lalace a jikin shanun Belgian Blue na ƙasar Beljiyam, abin da ya sa suke da tsoka jibge-jibge da kitse kaɗan. Ribar ba ta zo kyauta ba, domin 'yan maruƙansu kan yi girman da sau da yawa sai an yi wa uwa tiyata kafin a ciro su.

Bayan ƙwayar kitse ta kammala samuwa, ba zama kawai take yi kamar buhu ba. Tana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano a 1994, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Idan ajiyar ta yi ƙasa, jiki kan jinkirta haihuwa. Wannan na cikin dalilan da ke sa ramammiyar saniya ta daɗe ba ta nemi barbara ba, har a garken makiyaya a kan samu tazarar shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Lokacin da ake yanke hukunci

Kitse yana ƙaruwa ta hanya biyu: ko dai ƙwayoyinsa su ƙara yawa, ko kuma waɗanda ke akwai su ƙara girma. Ƙarin yawan ya fi faruwa da wuri. Binciken Min Du da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Washington ya nuna cewa a jikin shanu ƙwayoyin kitse suna fara samuwa daga tsakiyar goyon ciki, kuma na cikin tsoka suna ci gaba da yawaita har maraƙi ya kai kwana 250 da haihuwa. Daga nan ƙarfin samar da sababbi yana raguwa sosai. Tsoka ma ta fi tsanani, domin adadin zaruruwanta yana kammala ne kafin haihuwa, bayan haka sai dai kowane zare ya yi kauri.

Abincin uwa yana shiga wannan lissafi ta wata hanya da ba ta canza rubutun DNA ba. Jiki kan manna wasu ƙananan alamomi a kan zaren, waɗanda ke rufe wani umarni ko su buɗe shi, kuma alamomin kan daɗe tsawon rayuwar dabba. Misalin da ya fi shahara daga mutane ya fito. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Binciken da aka wallafa a 2008 ya gano cewa mutanen da aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar suna ɗauke da alamomi dabam da na 'yan'uwansu a kan wata ƙwayar gado ta girma mai suna IGF2, bayan shekara sittin.

Gwaje-gwajen da aka yi da shanu da tumaki sun nuna irin wannan. Ƙarancin abinci a tsakiyar goyon ciki kan rage zaruruwan tsokar ɗan tayi, ƙarancinsa a ƙarshen ciki da farkon rayuwa kuma kan rage ƙwayoyin kitsen cikin nama. Dabbar da ta fito daga irin wannan ciki kan ci abinci da yawa daga baya amma nama kaɗan ta mayar da shi.

A ɗora wannan a kan kalandar Zamfara. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki. Wadda aka yi wa barbara a watan Agusta, lokacin da ciyawa ta wadata, za ta haihu a Mayu. Watanni ukun ƙarshe na cikinta, lokacin da ɗan tayi ya fi girma da sauri, za su faɗo ne a bazara, sa'ad da karan gona ya ƙare, ciyawa ta bushe ta rasa furotin, rafuka suka ƙafe. Busasshiyar ciyawa kuma ba ta da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan 'yan maruƙan Angus ya nuna cewa allurar bitamin A ranar haihuwa da bayan wata ɗaya ta ƙara musu kitsen cikin tsoka. Masu kiwon Wagyu a Japan kuwa rage bitamin A suke yi a matakin turke domin cimma manufa ɗaya. Sinadari ɗaya, sakamako biyu, lokaci ne kawai ya bambanta, kuma shi ya sa irin wannan allura aikin likitan dabbobi ne.

Abin da turke yake iya yi

Saniya ba ta narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittu da ke cikin tumbinta ne ke ruɓar da abin da ta ci, su fitar da wasu sinadarai masu tsami, ciki har da asitet, wanda jiki ke ƙera yawancin kitse da shi. Tun 1984 bincike ya nuna cewa kitsen cikin tsoka ya fi na ƙarƙashin fata dogara ga sukarin jini, shi ya sa hatsi da dusa suka fi ciyawa zalla samar da shi. Kitse ajiya ce mai tsada, domin kuzarin da ke cikinsa ya ninka na hatsi fiye da sau biyu, kuma jiki ba ya fara tara shi sai ya biya buƙatun numfashi, tafiya da girma.

Yana kuma taruwa bi da bi: da farko a cikin ciki da kewayen ƙoda, sai tsakanin tsokoki, sai ƙarƙashin fata, daga ƙarshe cikin naman kansa. Ramammen bijimin da aka ɗaure kan yi saurin cikowa a makonnin farko, domin jikinsa yana rama abin da ya rasa. Amma turke cika ma'aji yake yi, bai cika gina sabo ba. Idan an haifi sa da ƙarancin zaruruwan tsoka, harawar wata huɗu ba za ta mayar da abin da ya rasa a cikin uwarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da shanun gida ke ɗauke da shi

Shanun da aka fi gani a Zamfara masu tozo ne: fararen Bunaji, da Bokolo wanda ake kira Gudalin Sakkwato, mai gajeren ƙaho da cikar jiki, da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho, sai Azawak da ke shigowa daga Nijar. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature Genetics a 2020 ya nuna cewa shanun Afirka masu tozo gauraye ne na tsatson Asiya mai tozo da tsohon tsatson Afirka marar tozo, kuma haɗuwar ta bar musu juriyar zafi da ta cututtuka.

Shanu masu tozo, a ko'ina suke a duniya, ba sa tara kitse a cikin nama kamar Angus ko Wagyu. Wannan ba ya nufin ba su da abin nunawa. Ƙwayar gado mai suna DGAT1, wadda aka gano tasirinta a kan maiƙon madara a 2002, tana da nau'i biyu, kuma nau'in da ke ƙara maiƙo ya fi yawa a shanu masu tozo. Binciken Isidore Houaga da abokan aikinsa a Jamhuriyar Benin, wanda ya fito a 2018, ya duba wannan ƙwayar gado tare da wata mai suna SCD1 a jikin Bunaji da shanun Borgu, ya kuma danganta su da irin maiƙon da ke cikin madararsu. Ita SCD aikinta mayar da kitse mai tauri zuwa mai laushi, kuma masu kiwon Wagyu suna gwada ta wajen zaɓen bijimai. Man shanun da Bafulatana ke kaɗawa a ƙwarya yana da tushe a waɗannan ƙwayoyi.

Sai dai babu ƙwayar gado guda da ke riƙe da ƙiba. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirinta. A jinsunan da aka auna, gado yana bayyana kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na bambancin kitsen cikin nama tsakanin dabba da dabba, saura kuwa abinci ne da lafiya da kulawa. Duk mai tallar gwaji ɗaya ko allura ɗaya da zai mayar da kowane sa gwarzon turke, kallon kitse yake so a yi wa rogo.

Kasuwa ma tana da nata hukuncin. A Japan da Amurka ana biyan kuɗi ne gwargwadon zanen kitsen da ke cikin nama bayan an yanka. A kara ta Arewa dillali da ido da tafin hannu yake ƙiyasi, ba da sikeli ba. Mai kilishi jan nama marar kitse yake nema, mai tsire da balangu yana son a samu maiƙo, tozo kuwa ya fi kowane yanki daraja a wajen mutane da yawa. Saboda haka abin da mai turke a Tsafe yake buƙata daga kimiyya shi ne sa mai saurin mayar da dusa nama, ba kwaikwayon Wagyu ba.

Rashin tsaro yana cin iri

Makiyayi ya san nasabar shanunsa da ka. Ya san wace saniya ce ke haihuwa a kai a kai, wane bijimi ne 'ya'yansa ke jure rani, kuma a kan wannan sani ya yi shekaru yana zaɓe. Satar shanu, wadda ta addabi Zamfara fiye da shekara goma, tana tarwatsa wannan aiki a dare ɗaya. Saniyar da aka kora daji ko aka sayar wa mahauta ta tafi da gadonta, da kuma labarin gadon. Wanda aka tilasta wa biyan kuɗin fansa kuwa mafi kyawun dabbarsa yake fitarwa, domin ita ce mai kuɗi.

Ga kuma tafiyar dole. Garken da ya rasa makiyayarsa ta rani saboda daji ya zama wurin 'yan bindiga, ko ya yi gudun hijira zuwa wata jiha, yana ƙona kuzarin da ya kamata ya tafi ga ɗan tayi. A watan Satumban 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. Duk yadda aka auna amfanin matakin ta fuskar tsaro, mai turke da ya kasa sayarwa ya ci gaba da ciyar da san da ya riga ya gama cika.

Inda manufofin gwamnati suka dosa

A watan Yulin 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin RUGA bayan ce-ce-ku-ce, sannan ta ƙaddamar da shirin sauya fasalin kiwo na shekara goma, NLTP, wanda Zamfara ke cikin jihohi bakwai na gwajinsa. Gwamnatin Matawalle ta fara gina rugar zamani a Maradun. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, tare da kwamitin gyaran harkar wanda Farfesa Attahiru Jega ke taya shi jagoranta, daga baya aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. A watan Nuwamban shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 2.5 da kamfanin nama na JBS na Brazil domin gina masana'antu shida, biyu daga ciki na naman shanu.

Masana'antar nama tana buƙatar dabbobi masu kai nauyi iri ɗaya a kan lokaci, kuma tarihin Brazil ya nuna yadda ake samunsu. Mafi yawan shanun naman ƙasar jinsin Nelore ne, masu tozo, waɗanda asalinsu daga Indiya ne. Brazil ba ta musanya su da shanun Turai ba. Rajistar nasaba ta buɗe musu, ta auna nauyinsu zuriya bayan zuriya, ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973 wadda ta inganta ciyawar kiwo, har ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da naman shanu. Japan ta ba kowace saniya lambar shaida mai alƙaluma goma, a 2020 kuma ta yi dokar kare maniyyi da ƙwan Wagyu daga fitar da su ba bisa ƙa'ida ba. A maƙwabta, tashar Tukunus da ke kusa da Filinge a Nijar ta shafe gomman shekaru tana zaɓen Azawak.

Najeriya ba ta rasa tushe ba. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta faro ne daga gonar dabbobi da aka buɗe a 1928, ta zama cibiyar ƙasa a 1976, ta kuma daɗe tana aiki a kan Bunaji da haɗa shi da Friesian. Zamfara na da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Amma gwajin DNA ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da bayanan dubban dabbobi: ranar haihuwa, nauyi, uwa da uba, abin da suka ci. Haka Amurka ta yi kafin ta fara zaɓen shanun madara da DNA a 2009.

Saboda haka akwai tambayoyin da mai bibiyar kasafin kuɗin jiha ko na tarayya zai iya yi wa wakilinsa. Nawa aka ware wa abincin rani na shanu masu ciki, da rumbunan harawa, da mashaya, idan aka kwatanta da gine-gine da motoci? Idan za a shigo da maniyyin bijiman waje, wa zai auna 'ya'yan da aka samu, ya kuma wallafa yadda suka jure zafin Afrilu? Ma'aikatan dabbobi nawa ne ke aiki a ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu, kuma suna iya isa rugage? Akwai sikeli a manyan kasuwannin dabbobi? Wa ke riƙe da rajistar Bokolo, kuma idan wani kamfani na waje ya ɗebi jininsa ko maniyyinsa, me makiyayan da suka raya jinsin za su samu?

Maraƙin da za a yanka a kowace sabuwar masana'anta nan da shekara uku, yanzu haka yana cikin uwarsa ko yana shan nono a wata ruga. Nauyin da zai kai ya danganta da abin da uwar za ta samu ta ci a bazarar bana, da kuma ko garken zai kwana lafiya a inda yake.